Ranar da Malama Pyo ta Ɗaga Hannu

Pyo Nam-hi 'yar wani tsibiri ce a gefen birnin Mokpo, inda ubanta ke noman ganyen teku, uwarta na shanya shi har tafin hannunta ya tsattsage. Turanci ta fara jin sa ne a bakin wani malami da yara ke kira Mai Gora a bayan idonsa. Duk Litinin yakan ba su kalmomi talatin, kowace ka kasa, gora ɗaya a tafin hannu. Akwai ranar da Nam-hi ta sha goma sha bakwai, aka yi kwana uku kakarta ce ke ba ta shinkafa a baki, don yatsun sun ƙi riƙe tsinken cin abinci. Da ta ce ita ma Turancin za ta koyar, mutanen gidansu suka ɗauka wasa take.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana koyarwa a wata ƙaramar sakandare cikin gari, ko dungurin yaro ba ta taɓa yi ba. Gajeriya ce, ba ta da yawan fara'a, idan surutu ya yi yawa sai ta yi shiru ta zuba wa aji ido har kowa ya shiga taitayinsa.

A hutun sanyi aka tura ta taron ƙara wa juna sani, ta dawo da sabon salo. Za a raba aji hurhuɗu. Kowane yaro ya yi jawabin minti uku da Turanci, sauran ukun su haɗa kai su ba shi maki, su sa hannu, su kuma karanta masa dalilinsu. Rabin maki nasu, rabi nata.

Mataimakin shugaban makaranta, Malam Sol, ya kalli takardar ya cire tabarau.

"Malama Pyo, da makin nan fa ake shiga babbar sakandare. 'Yan shekara goma sha huɗu za ki damƙa wa?"

"Su ma suna da kunne, ranka ya daɗe. Yaron da ya san zai auna wani, dole ya saurara."

"To, ni dai na faɗa."

Makon farko abin ya ba ta sha'awa. Yaran da suka saba barci a kujerun baya suka farka, ana musu a kan ko kallon ƙasa ya isa a cire wa mutum maki. Ranar Alhamis ta mako na biyu, ana dab da tashi cin abincin rana, layi ya zo kan ƙungiya ta biyar. A cikinta akwai Tak Gon-u, ɗan kokawar judo, wanda tun a aji biyu ya fi malaman tsawo. Akwai Ok Si-hun, siriri mai tabarau, da wata yarinya mai baki, Da-in, da wani da bai zo ba ranar.

Malama Pyo tana can gaba tana tattara takardu, ba ta ji lokacin da Gon-u ya sunkuya kan Si-hun ba.

"Kai, Ido-huɗu, goma za ka rubuta. Ka ji ko?"

"Sai mun ji abin da za ka faɗa."

Gon-u ya miƙe. Ya faɗi sunansa, ya ce yana son kifi, ya ce kifi yana da daɗi. Daga nan ya tsaya, yana leƙen tafin hannunsa inda gumi ya riga ya goge abin da ya rubuta.

"Malama, batirinsa ya mutu!" in ji wani daga baya. Aji ya kwashe da dariya.

Da-in ta ce uku. Si-hun ya ce a ƙara masa ɗaya tunda dai ya tashi tsaye. Shi ne mai kyan rubutu, shi ya riƙe biro, shi ya karanta kamar yadda aka umarta.

"Huɗu. Ba ka shirya ba."

Bai rufe baki ba Gon-u ya cakumi gashin kansa ya buga fuskarsa a kan tebur. Ƙarar ta sa har ajin maƙwabta aka yi tsit. Ya ɗago shi ya sake bugawa. Tabarau ya tarwatse, jini ya watsu a kan takardar makin. 'Yan mata suka sa ihu, kujeru suka zube, wasu suka hau tebur da waya a hannu.

"Maimaita! Nawa ka ce? Maimaita, ɗan iska!"

Malama Pyo ta ratsa tsakanin teburan ta rungumi damtsensa da hannu biyu. Yaron ko waiwayowa bai yi ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa. Ya juya ƙugu, sai ta ji ƙafafunta sun bar ƙasa. Kafaɗarta ta daki ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga, ta ji wani abu ya ce ƙas a gindin wuyanta.

Daga ƙasa ta hango Si-hun ya zame daga kujera, bakinsa cike da jini, Gon-u kuma ya ɗaga ƙafa. Ba ta san yadda ta tashi ba. Hannunta mai lafiya ya faɗa kan wani ƙaton ƙamus mai bangon katako, ta ɗaga ta maka masa a gefen kai. Ya yi taga-taga. Ta ƙara. Ya durƙusa ya kare kansa, ya riga ya daina, ta gani sarai, amma hannun bai tsaya ba. Ta maka na uku, na huɗu, kunnensa ya tsage. Sai da malamin motsa jiki ya shigo a guje ya riƙe ta, a lokacin ne ta ji muryarta tana zagin yaron da irin zagin masuntan tsibirinsu.

An yi wa Si-hun ɗinki goma sha ɗaya a gira da leɓe, haƙori ɗaya ya tafi. Ita kuma ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Kafin magariba hoton bidiyo ya zagaya wayoyin iyaye. Daƙiƙa goma sha biyu ne, ba abin da ke ciki sai malama tana dukan yaro durƙushe.

Washegari da rana ta zo makaranta, hannu rataye a wuya, don ba da bayani. A farfajiyar ofis ta tarar da Gon-u zaune, kunne a naɗe. Can sai ga ubansa, mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa, da kayan aiki a jikinsa. Bai gaida kowa ba. Ya shuri cinyar yaron da takalmin nan mai ƙarfe a baki, yaron ya faɗo daga benci. Ya zare bel.

"Ni za ka kunyata? Ban ce maka in makinka ya faɗi aka cire ka daga gasa sai na karya ka ba?"

Bel ya sauka sau uku. Gon-u bai yi kuka ba, bai kuma kare kansa ba, ya dunƙule kawai kamar wanda ya san adadin da ake yi. Malam Sol na daga bakin ƙofa yana ta "Haba, Baban Gon-u, haba." Malama Pyo ce ta shiga tsakani, bakin bel ɗin ya same ta a tsintsiyar hannu.

"Ya isa. Na riga na dake shi jiya. Ya isa haka."

Mutumin ya tsaya yana haki, ya dube ta, ya rusuna har ƙasa yana ba ta haƙuri. Wannan rusunawar ta fi dukan tayar mata da hankali.

Da yamma ta je asibiti duba Si-hun. Uwarsa ta tare ƙofa.

"Ke kika sa masa biro a hannu, Malama. Kin san halin wancan yaron, kowa ya sani. Kika ce ɗana ya tsaya ya karanta masa a fuska."

Ta ajiye kwandon lemon da ta kawo a ƙasa ta juya.

Kwamitin ladabtarwa ya mayar da Gon-u wata makaranta, aka cire shi daga kokawa. Ita aka dakatar da ita wata uku. A watannin nan ta rubuta takardar ajiye aiki har sau biyu, ba ta kai ba.

Ranar da ta koma, ta tsaya gaban ajin ta rusuna musu, ta ce laifin tsarin nata ne, dukan da ta yi kuma ba shi da hujja. Ta tambaye su ko a bar auna juna gaba ɗaya. Da-in ta ɗaga hannu.

"Malama, a cire lambar kawai. Mu faɗa wa mutum inda ya gyara da inda ya ɓata, ke ki ji da maki. Ke ai an biya ki ki sha duka."

Aka yi dariya kaɗan, ta tsoro-tsoro. Haka aka yi har ƙarshen shekara. Si-hun ya ci gaba da zuwa, yana cin jarrabawarsa, amma bai sake ɗaga hannu a ajinta ba, kuma duk takardar da aka miƙo masa ya rubuta ra'ayi, fara fat yake mayar da ita. Ba ta taɓa matsa masa ba.

Da shekara ta juyo ta nemi a mayar da ita wata makarantar tsibiri mai ɗalibai goma sha tara. A can ta yi sauran shekarunta na aiki, jirgin fito na kai ta Litinin ya dawo da ita Juma'a. Yara suna zama hurhuɗu suna gyara wa juna jawabi, ita kuma ta daina zama a gaban aji, kullum tana tsaye a tsakiyarsu tana jin abin da ake raɗawa.