Matsa Hagu Kaɗan

A shekararmu ta uku a Setapak, can ƙasar waje, magana tsakanina da maigidana ta koma "an ci abinci?" da "sai na dawo". Ba faɗa muka yi ba. Da ma faɗan ne, da na san inda zan kama. Tsorona shi ne auren ya mutu muna zaune a cikinsa.

Karatunsa na dakta a kan tsofaffin gine-ginen kotu ne, waɗanda Turawa suka bari a ƙananan garuruwa. Da hutu ya zo, ya aro motar abokinsa, ya ce in raka shi. Na yi ta rawar kai, har lalle na sa. Ashe aiki ya samo min. Masu karatun gini ba sa ɗaukar hoto sai da mutum a ciki, don a gane tsayin ginin, ni ce kuwa mutumin. Daga Teluk Intan har Batu Gajah ina tsaye a bakin ƙofofi, zufa na bin bayana, yana cewa, "Matsa hagu kaɗan, kin tare tagar."

Sai ya tura hotunan gurup ɗin dangi. Muna cin shinkafa a wani kedai, wato ɗan shagon abinci, Umma ta kira.

"Ke, me ya kai ki kotu? A gidanmu ba a taɓa kai mace gaban alƙali ba. Ba ni shi!"

Na ƙaƙalo dariya na ce, "Umma, ba shari'a ba ce, bincikensa ne. Wasu ma an daina zama a cikinsu."

Ta ce, "To shi yana ina? Ke kaɗai nake ta gani."

Na ji haushin Umma, don daga Kano ta hango abin da nake ɓoyewa.

A kotu ta gaba maigadin ya ce "boleh", wato ba laifi, ya buɗe mana. Ba kowa ciki, sai bencina masu ƙura da fankar da ta daina juyawa. Na zauna a kan ɗaya, na ce wa maigidana, "Malam, Umma ta zaci rabuwa muka zo yi. Na ce mata a'a. Gaskiya na faɗa mata?"

Ya sauke kyamarar. Na so ya yi fushi, ko ya ce min "haba". Ya zo ya zauna a ɗaya bakin bencin, ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

Can ya ce, "Wallahi, ban sani ba."