Ƙullin da Ke Bakin Zanen Maame Araba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 2025, da hantsi, 'yata Kukuwa ta shigo ɗakina ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Papa, Maame Araba ta tafi." Maame Araba Essilfie ke nan, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Sekondi, maƙwabciyata ta shekara arba'in da ɗaya. Ciwon huhu na kwana shida ya ɗauke ta, tana da shekara saba'in da takwas. Ranar Talata aka haife ta, ranar Talata ta koma.

Maame Araba, tsufa ya zo, yanzu in na yi layi uku sai na huta. Duk da haka zan rubuta, don akwai abin da na sani a kanki wanda bai kamata ya bi ni kabari ba.

Tun ina akawu a tashar nake cin dokununki, kina zaɓa mini kifin da ya fi tsoka kina cewa na masu boko ne, ƙashi ba ya wuce musu. Da matata Aba ta rasu na rufe ƙofa, ke kika buga ta da gwiwar hannu, kwano a kanki. "Akawu," kika ce, "jirgi ya daina tafiya, kai ma za ka daina ci ne? Buɗe, hannuna ya gaji." Shekara ashirin kwanon nan bai yi fashi ba.

Ciwon dajin nono ne ya kashe Aba, amma ina da hannu a ciki. Bayan an yi mata aiki ta gama jinya, ta ɗaura farin zane ta je coci godiya, kamar yadda muke yi. A unguwarmu wadda ta sa fari ta gama da ciwo. In aka sake ganinta da magani ko a layin asibiti, sai a ce ta ƙaryata godiyarta. Da muka dawo gida ran nan, ni da na yi karatu, ni na kwashe sauran ƙwayoyinta na zuba a shara, ina murna. Ba mu koma wurin likita ba sai bayan shekara biyu, ciwon ya riga ya shiga ƙashi.

Kin ga duk wannan ta kan katanga. Saboda haka da ciwon ya zo kanki, kika sha wuyarsa kika tashi, ranar naki farin kika yi abin da ba a taɓa yi ba. Kin taka rawa har gaban jama'a kina kaɗa hankici, sannan kika kwance ƙulli a bakin zanenki, kika ɗaga ƙwayoyi iri biyu sama. Kika ce, "Wanda ya ba ni rai, shi ya ba likita hankali. Na gode masa a kan duka biyun." Wata dattijuwa ta ce daga baya, "Araba, ashe ba ki warke ba?" Kika juya kika ce, "Na warke, Yaya. Ke da kika ƙoshi jiya, yau ba ki karya ba ne?" Har fasto sai da ya rufe baki da littafi.

Ɗaya ƙwayar ta tsare dawowar ciwon ce, kin sha ta iya shekarun da aka ɗiba miki. Ɗayar ƙarama ce, ta rage kitsen jini, an ba ki ita don naki ya hau. Ita mata suka fi rainawa, suna cewa ba ta ciwonsu ba ce. Likitarki ta gaya miki cewa wasu masu bincike sun lura matan da ke shanta bayan jinya ciwon bai cika dawo musu ba, amma ba a gama tabbatarwa ba tukuna. Haka kike faɗa wa kowa, ba ƙari. Na taɓa tsokanarki na ce 'yar ƙwayar nan ce ta riƙe ki. Kika ce, "Likita ba ta ce ba, ni ma ban ce ba. Zuciyata take gyarawa. In ta yi mini gyara a sama, ai ba zan mayar ba." Shekara goma sha shida kika yi bayan farinki, kina bin gidajen matan da aka yi wa aiki, kina raka su asibiti, ƙullin yana lilo a ƙugunki.

Sai ciwon ya zo kan Kukuwa, ita kaɗai ta rage mini. An yi mata aiki, ta jure, bara ta sa nata farin. Ita ma an haɗa mata da ƙwayar kitsen jini. Wata guda bayan haka na ga kwalayen a kan taga, ba a taɓa su ba. Ta ce ƙaramar tana sa ta ciwon cinya, kuma 'yan ƙungiyar mawaƙan coci sun fara tambayarta ko jikin ne. Da wane ido mai zubar da maganin uwarta zai ce mata ta sha nata? Na dogara sandata na tsallaka wurinki.

Ba ki yi mata wa'azi ba. Kin ce, "Kukuwa, ɗauko jakarki. Ciwon cinya likita ake kai wa, ba taga ba." Kika rufe tukunyarki a ranar kasuwa, kuka tafi. Aka sauya mata wata iri, cinyar ta lafa, aka sa mata ranar komawa. Tun daga nan kowace safiya kina leƙo ta katanga kina tambayar ƙwayar: "'Yar Akawu, an biya harajin jiya?"

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji rasuwarki, kafin hawaye tsoro ne ya fara zuwa mini. Na ce wa zai sake leƙowa?

Ranar zaman cikar mako aka kai ni a keken guragu. Tunda kin cika shekaru, fari aka sa, kamar yadda muke yi wa dattawa. Ina zaune ƙarƙashin rumfa Kukuwa ta sunkuyo ta gyara mini bargo, sai wani abu ya bugi gwiwata. Ƙulli ne a bakin zanenta. Na ɗaga kai na bi layin masu gaisuwa da idon da ya rage mini, na ƙirga mata bakwai masu irinsa. Da aka tashi ba ta raka ni gida ba. Ta ce, "Papa, Ebo ɗan Maame Araba zai tura ka. Akwai wata a unguwar Ketan da za ta sa fari ranar Lahadi, ina so in riga cocin isa wurinta."

Allah ya jiƙanki, Maame Araba. Ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa a wurinsa, ya saka miki da kowane kwano da kowane taku. In kin ga Aba, ki gaya mata 'yarmu tana nan lafiya, kuma tana komawa asibiti.

Ga 'ya'yanki Ebo da Ewurabena, da jikoki, da dukan dangin Essilfie, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.

Ekow Bentsil,
tsohon akawun jirgin ƙasa, Sekondi.