Baƙin hayaƙin bashena

Makanike ya ciro buji guda, wato fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya sunsuna shi ya ce, "Maigida, injin ga man esansi ya yi mai yawa, iska ne ba ya samu."

Tun da na kai bashena, motata mai buɗaɗɗen baya, aka ƙara mata ƙarfi, daga Garou zuwa Malanville kamin shayi ya huce na iso. Sai satin ga ta rikice. Baƙin hayaƙi, warin mai, har 'yan kabu-kabu na wuce ni suna dariya. Ga albasar mutane jibge a gona tana jirana, jibi kasuwa.

Na rantse mai aikin maƙiya ne. Bai ko dube ni ba, ya buɗe akwatin filtar iska. Sai ga laya ƙatuwa naɗe cikin tsohon kallabi, ta toshe bakin bututun. Kallabin kuwa na san mai shi.

Nan take na kira mahaifiyata.

"Inna, ke kika sa laya cikin mota?"

"Ni ce. Direban maƙwabta na tambaya inda mota ke numfashi, can na tura ta."

"To ai kin shaƙe ta! Ko keke ba ta wucewa yanzu."

"Alhamdu lillahi. Abin da na roƙa ke nan."

Makanike ya yi dariya har ya zauna bisa taya.

Mota ta warke, albasa ta kai kasuwa, layar na lilo jikin madubi. Amma wallahi tun ranar ba na taka ta kamar da.

Jama'a, uwar wa ta taɓa yi mai irin wannan gyara?