Ƙodar Ƙanwata da Agbon Alhaja

Shekara guda bayan an dasa mini ƙodar ƙanwata, likita ya ce za a fara rage mini magani. Da yake a aji huɗu na yi sallama da boko, sai ya yi mini bayani da Hausar kasuwa. Wai jikina yana da masu gadi, su ne garkuwar jiki, kuma ba su yarda da baƙuwar ƙodar nan ba. Ƙwayoyin da nake sha gyangyaɗi suke sa su. Za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, duk bayan mako biyu a ɗebi jinina a duba. In suka farka sarai, ƙodar za su far wa.

Na ce, "Likita, shekara sittin ina ciyar da su suna barci, sai da aka yi mini kyauta suka tuna da aiki?"

Na koma Fagge na baza labari an rage mini magani. 'Yan barka suka yi ta zuwa, kowa da abin ƙarfafa jiki: mai zogale, mai habbatus sauda. Ina godiya, ina turawa ƙarƙashin gado.

Amma Alhaja, Bayarabiyar Sabon Gari da shagonta ya shekara talatin jingine da nawa a Kantin Kwari, ba ta san a ajiye ba. Kullum da hantsi za ta sauka daga adaidaita da jarkar agbo, tsiminsu na sassaƙe, ta tsiyaya a kofi ta tsaya a kaina.

"Baba, shanye! Wannan ko gawa ta kurɓa sai ta miƙe."

Matar da ta dafa itace tun asuba, da wane baki zan ce mata a'a? Kwana goma ina sha. Na ji garau, har na fara tunanin a ɗan kai wa likitan.

Ranar awo ya daɗe yana kallon takardata.

"Baba, me ka sha?"

"Ruwa."

Ƙanwata, wadda ba ta fashin rakiya don ta ji lafiyar kayanta, ta ce, "Yaya, ka faɗa ko in faɗa."

Dole na faɗa. Ashe agbon ya kore maganin daga jinina, masu gadi sun fara taɓa baƙuwa. Aka kwantar da ni, aka mayar da ƙwayoyin yadda suke a da, har da ƙari.

Da aka sallame ni, ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a zaure. Alhaja na zuwa ta tare ta.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaja. Bakin nasa ne, amma ƙodar tawa ce, kuma ba ni da wata ta bayarwa."

Ƙodar tana nan daram. Da aka sake fara rage maganin bayan wata shida, ko limamin unguwarmu ban gaya wa ba. Alhaja kuwa har yau tana shaida wa 'yan kasuwa cewa agbonta ne ya tashe ni. Ina jin ta, ina gyaɗa kai.