Tikitin Kawu Isiyaku bai yarda ba

Ku da kuka zauna a dakalin Kawu Isiyaku a Ƙofar Guga kun san ba ya yi wa matafiyi barka da zuwa sai ya fara jin ta ina ya bi. In ka ce daga Ikko kake, sai ya gyara tabarau ya tambaye ka ina da ina ka sauka, wa ya buga maka hatimi. Sai ka ci wannan jarrabawa tukuna a tambayi lafiyar iyali. Duk wannan kuwa a Katsina, garin da ko ƙarfen dogo guda ba a shimfiɗa masa ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara ashirin yana duba tikiti a jirgin ƙasa, har ranar da ya gaya wa wani hafsan soja, a gaban matar hafsan, cewa tikitinsa ya mutu tun shekaranjiya. Ba a yi wata ba sunan Kawu ya fito cikin korarru, babu fansho, babu ko na gode. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe da littafin dokokin tafiya wanda ya haddace fiye da sunayen 'ya'yansa.

'Yan kasuwa masu zuwa kudu sukan zo ya tsara musu hanya. Da sandarsa yake zana layin a ƙasa: Kano, Zariya, Kaduna, Minna, Jebba, har Ikko. Dokarsa ba ta lanƙwasuwa. Tikitin zuwa da dawowa, ta inda ka tafi ta nan za ka dawo. A tafiya ba a sauka a hanya. A dawowa kana iya yada zango, amma sai shugaban tashar ya buga maka hatimi.

Akwai Alhaji Garba mai atamfa, da ya yanki tikiti daga Kano, a dawowa kuma ya canja jirgi a Zariya ya ɓullo ta Funtuwa don ya rage hanya. Ya zo dakali yana alfahari, wai goro biyu ya ba mai dubawa aka wuce da shi. Kawu ya daɗe yana kallonsa.

"Alhaji, gangar jikinka ce ta iso. A takarda kana Zariya har yanzu."

Daga ranar har ya bar duniya, in sun haɗu a masallaci, gaisuwar Kawu ita ce yaya mutanen Zariya, yaushe za a shigo gida.

Da soja suka ce za su koma bariki, aka buɗe siyasa, wani ɗan takara ya zo unguwarmu da lasifika ya yi alkawarin jirgin ƙasa har Katsina. Ana ta tafi, Kawu ya ɗaga sanda ya tambaya ta Kano za a jawo layin ko ta Funtuwa. Ɗan takarar ya yi murmushi ya ce, "Baba, ta duk inda kake so." Kawu ya juyo gare ni ya ce wannan ko kan jirgi bai taɓa gani ba. Amma fa ya kaɗa masa ƙuri'a, don an ce farar hula za su duba koken korarru. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. So yake a rubuta a takarda cewa shi ne da gaskiya.

Bayan rantsar da sabuwar gwamnati aka ce an kafa kwamitin koken korarru a Ikko. Na bar shagon ɗinkina na raka shi, don idonsa ya fara rauni. Ɗiyarsa Hauwa tana aure a wani ƙaramin gari tsakanin Kaduna da Minna, inda aka tura mijinta koyarwa, cikinta kuma ya tsufa. Na ce mu sauka mu kwana ɗaya. Ya ce tikiti bai yarda ba, sai a dawowa. Ta zo tashar da kwanon fura, ya karɓa ta taga. Ko ƙafa bai sauke ba.

A Ikko kwana goma sha ɗaya muna kan benci. Kullum ya sa tsohon kakinsa, ya goge maɓallan. A ƙarshe wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ba a ga fayil ɗinsa ba, ya dawo bayan damina. Kawu ya fara karanto masa lambar dokar da aka karya, mutumin ya ja taga ya rufe.

Jirgin dawowa ya cika har kan rufi, rabin mutanen ba su da tikiti, babu kuma mai tambaya. Kawu ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai huda nasa, ana yi masa dariya.

Muka iso garin su Hauwa da hantsi. Mijinta na jiranmu da albishir: ta sauka kwana tara da suka wuce, namiji, an sa masa Isiyaku. Tana jego, ba za ta fito ba, amma gidan ga shi can bayan bishiyar kuka, ana hango rufinsa. Kawu ya nufi ofishin shugaban tasha da tikiti a hannu. Kwaɗo ne a ƙofa. Mai gadi ya ce shugaban ya tafi liyafar sabon ɗan majalisa, hatimin yana aljihunsa.

Na roƙe shi. Surukinsa ya durƙusa ya roƙe shi. Na ce zan yankar masa sabon tikiti gobe, ya ce wannan kuma a yi yaya da shi, bai mutu ba, bai yi laifin komai ba.

Na ce, "Kawu, don Allah wa ke dubawa? Tun daga Ikko babu wanda ya kalli takardar nan."

Ya ce, "Ni ina dubawa."

Jirgi ya yi kuka, Kawu ya kama ƙarfe ya hau. Na bi shi ina zaginsa a zuciya har muka iso Katsina. Ku kuna dariya in an ba da labarin nan, ni ma nakan taya ku, amma har yau ban gama yafe masa ba. Ballantana waɗanda suka mayar da shi haka.

Damina ba ta ƙare ba ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Takardar kwamiti ba ta zo ba. Hauwa ta iso a bayan motar kaya da jaririn a goye, bayan an dawo daga maƙabarta. Ranar sadakar uku ta kira ni zaure ta tambaye ni ko ya ambace ta bayan jirgin ya tashi. Na gaya mata abin da na gani. Bai ambace ta ba. Ya juya fuska ga taga, hawaye na zuba har Kaduna, da ya ga ina kallonsa sai ya ce hayaƙin gawayi ne. Jirgin kuwa na dizal ne.

Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa taurin kansa, ya sa ya huta. Allah ya sanyaya zuciyar Hauwa, ya raya mata ɗanta. Amin.