Mista Tarver, Mai Kai Kumbo Har Gida

Kowace safiya Mista Cleophus Tarver kan goge takalmansa, ya kafa hularsa ta ma'aikatan jirgin ƙasa, ya dogara sanda zuwa tashar Toledo, duk da ya yi ritaya tun bara kuma jirginsa ya daina bi ta nan. Sai ya samu benci ya zaro tsohuwar mujallar labaran sararin samaniya, ya duƙufa har rana ta take. Masu shara na yi masa tsiya, wai ko jirgin duniyar wata yake jira. Yakan ce ai ko shi ne, sai ya yi latti.

Mu 'yan taron shekara-shekara na masu son ƙagaggun labaran kimiyya mun san shi, amma sanin shanu. Tun farkon shekarun 1950, lokacin da taron bai wuce ɗaki ɗaya a otal da kofi mai sanyi ba, muke ba da ɗan kumbon tagulla ga wanda labarinsa ya fi burge mu. Sai dai masu cin kyautar ba kasafai suke zuwa ba. Wani na asibiti, wani giya ta gama da shi, wani kunyar yagaggiyar kwat ɗinsa ce ta zaunar da shi gida. Aka yanke a riƙa aikawa ta gidan waya. Mista Tarver, wanda a lokacin ta ƙofar kicin kawai otal ɗin ke barinsa ya shigo saboda baƙar fata ne, ya miƙe daga kujerar baya ya ce abin girmamawa ba a cusa shi a buhu. Shi zai kai hannu da hannu, tunda aikinsa shimfiɗa wa fasinjoji gado ne a jirgin da ke ratsa ƙasar.

Ya kuwa kai. Wata ma'aikaciyar jinya a Duluth ta ba mu labarin yadda ya iso asibitin masu tarin fuka, dusar ƙanƙara har gwiwa, aka hana shi shiga ɗakin da marubucin da ya ci kyautar ke kwance. Ya tsaya bayan gilashi ya ɗaga kumbon sama, ya ajiye shi, ya yi ta tafi shi kaɗai har marubucin ya ja bargo ya rufe fuska.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ta fi cin rai. Ya sauka wani ƙaramin gari a Nebraska neman Wendell Hrubec, wanda ya ci kyautar shekarar, ya tarar an riga an binne shi. 'Yarsa Arlene ce ta buɗe ƙofa, ta dubi abin da ke hannunsa kamar an kawo mata kayan wani.

“Ka yi ɓatan gida, yallaɓai. Babana inshora yake sayarwa.”

“Da rana ke nan, Madam. Da wani suna yake rubutu.”

Ta ba shi kujera a kicin. Ya zauna ya ba ta labarin da ubanta ya rubuta, daga farko har ƙarshe, na wani mai gadin fitila a duniyar da kowa ya ƙaurace wa. Da ya gama ta tambaye shi me ya sa ubanta bai taɓa gaya musu ba.

“Kunya ce, 'yar nan. A zamaninmu magidanci ba ya yarda a gan shi da mujallar irin waɗannan labarai.”

Kai ne, Mista Tarver, ka san inda gwanayenmu ke kwana, ka ga ɗakunan hayarsu da kwanonsu na wake. Mu sunayensu kawai muke kira a liyafa, mu ɗaga kofi, mu koma musu kan ko kumbo zai iya juyawa inda babu iska. Wannan musun mun iya shi, wallahi. Amma ko sau ɗaya ba a zaunar da kai a babban tebur ba, kuma abin yana min ciwo.

Bana ƙafafunsa sun ƙi. Wanda ya ci kyautar, Emmett Sorley, yana kwance a Tucson, huhunsa ya tafi, likitoci sun gaya wa matarsa kada ta sa rai zai ga bazara. Maxine Dombek, shugabar kwamitinmu, ta je tasha ta sami tsohon a bencinsa, ta yi ta kame-kame kafin ta tambaya ko zai ji haushi in aka aika ta gidan waya.

“Ku aika mana, Madam Dombek,” in ji shi. “Mai kai wasiƙa ma mutum ne. Sai dai bai karanta labarin ba.”

Mun gode, Mista Tarver. Allah ya saka, ya sassauta maka ciwon ƙafa. Ku kuma masu karatu, da yawanku na da mota, kuna da hutu, kuma kun karanta labarin Sorley tunda ku kuka zaɓe shi. Kumbon na nan kan firjin Maxine, naɗe da tawul, lambar wayarta na bangon bayan wannan ƙasida don mai niyyar kaiwa. Har ranar da muka kai ta bugu, ba wanda ya kira.