Firjin da ya cinye motar Yaya

A Karantina, unguwarmu ta baƙi a ƙasar Larabawa, tun kafin a rushe ta, muna da wata al'ada da ake kira aron suna. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ke da rai shi ke sa hannu wa wanda tasa ta mutu, ko hayar ɗaki ce, ko layin waya, ko kayan biya kaɗan-kaɗan. Ba a cewa a'a. In ka ƙi, har jikokinka sai an yi musu gori.

Yayana kuwa, Allah Ya zuba masa kunya kamar ya yi sata. Direba ne, yana da tsohuwar bas fara da yake kai 'ya'yan mutane makaranta a unguwar Safa. Da ita muke ci, da ita ake sayen maganin Umma. Kowace safiya sai ya wanke ta kafin ya wanke fuskarsa, har ina tsokanarsa cewa ya kai mata sadaki kawai a huta.

Wata rana maƙwabcinmu, wani dattijo tela ɗan Nijar da muke kira Kawu, ya shigo yana murza hula. Firji yake so, mai shago ya ce sai da mai takarda. Na ja Yaya gefe na ce, "Don Allah kada ka sa hannun nan."

Ya ce, "Haba ke kuwa! Mutumin da ya ɗinka wa Baba likkafani?"

Ya je ya sa.

Kawu bai ci amana ba, kada in ɗauki alhakinsa. Yana biya, har ranar da aka yi kamen marasa takarda a bakin kasuwa aka haɗa da shi, aka mayar da shi ƙasarsu da rigar jikinsa. Mai shago ya kai takardar kotu, kotu ta tsayar wa Yaya da duk wata hidimar hukuma. Ba mu san nauyin abin ba sai da lasinsa ya ƙare, ya je sabuntawa. Ma'aikacin ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Ka biya, a buɗe. Halas, magana ta ƙare."

To da me zai biya? Da tuƙi yake samu, tuƙin kuma an ce sai ya biya. Wallahi ko yaron goye ya san wannan ba lissafi ba ne. An ɗaure akuya nesa da ciyawa, ana jira ta yi ƙiba. Mai hali, bashin firji kuɗin shan shayinsa ne, daga kwance zai latsa waya ya biya. Mu ne dai ake taka wa wuya.

Yaya ya ci gaba da fita da mataccen lasi, yana bin lunguna kamar mai laifi. Ni ina gida ina leƙen ƙofa har ya dawo. Rannan aka tare shi a hanya, yara cike da mota. Aka rubuta masa tara, ƙari a kan bashi, aka tsayar da shi a rana yaran na kuka. Kafin magariba iyaye sun gama bugo waya suna janye 'ya'yansu, kowace uwa da irin nata "ka yi haƙuri". Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu, har yau ma ina ji.

Muka zaga dangi. Waɗanda Yaya ya taɓa ara wa suna, waɗanda ya kai matansu asibiti kyauta, duk suka koma masu wa'azi. Wani ma cewa ya yi, "Ai shi ya cika sa hannu barkatai." Kai! Ranar da na ji wannan, ba don Umma ta riƙe mini mayafi ba, da an ji mu a titi.

Motar ta zauna a ƙofar gida tana shan ƙura da gishirin teku. Duk da haka yana wanke ta. Daga ƙarshe ya shigo ya durƙusa gaban Umma ya ce, "Umma, zan sayar." Ta ce, "Allah Ya musanya." Ni na shige kicin na yi kukana.

Aka sayar da ita a wulaƙance, don mai saye ya ga idon mai bukata. Aka biya mai shago, aka biya tara, hidima ta buɗe nan take kamar ba a taɓa rufe ta ba. Yaya ya dawo da sabon lasi, hotonsa a jiki yana ƙyalli. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga shi, ƙanwata." Na kalli ƙofar gida, babu komai sai tabon mai a ƙasa.

Yanzu wankin mota yake yi a Safa, a layin makarantar nan, da bokiti da tsumma, lasin yana aljihunsa. Kwanaki na kai masa abinci, na tarar da mahaifin ɗaya daga cikin yaran da yake kaiwa da can yana miƙa masa makulli. Mutumin bai ma gane shi ba. Ya ce, "Ka goge ciki da kyau, amma kada ka tayar da ita. Ba kowa ya iya mota ba."

Yaya ya karɓi makullin da hannu biyu ya ce, "To, ranka ya daɗe."